Daga Juji Zuwa Lambu: Sharhi Kan Mayar da Yasassun Filayen Birni Wuraren Shaƙatawa

Duk lokacin da wata hukuma ta sanar cewa za ta mayar da tsohuwar tasha, ko kangon masana'anta, ko juji, ya zama wurin shaƙatawa, jama'a kan rabu gida uku. Wasu su ce ɓarnar kuɗi ce a garin da ruwan famfo bai wadata ba. Wasu su ce dabara ce ta korar masu ƙaramin ƙarfi domin a raba filin daga baya. Wasu kuma su yi maraba, suna ganin da zarar an shuka ciyawa an kafa benci, magana ta ƙare. Kowane ɓangare yana da hujjar da za a iya samu a wani birni na duniya, domin an yi irin wannan aiki ya yi kyau, an kuma yi shi ya cutar. Wannan sharhi zai bi ma'anar kalmomin, da asalin al'amarin, da abin da ya faru a inda aka gwada, domin a ga abin da ke raba aikin da ya amfani jama'a da wanda ya tsaya a bikin yanke ƙyalle.

Ma'anar kalmomi

Yasasshen fili shi ne wuri a cikin gari wanda aka daina yin aikin da aka tanade shi dominsa, ko kuma tun farko ba a ba shi wani aiki ba. A ciki akwai layin dogon da jirgi ya daina bi, da filin jirgin sama da aka rufe, da harabar masana'antar da ta durƙushe, da ƙarƙashin gadar sama, da gefen rafi ko babbar magudana, da juji, da ramin da aka haƙi ƙasar gini. Masana tsara birane suna ware wani nau'i daga cikinsu, wato filin da ake zargin ƙasarsa ta gurɓata da mai ko sinadari ko shara, saboda shi ba a taɓa shi sai an gwada ƙasar.

Wurin shaƙatawa na jama'a kuwa fili ne da kowa yake da haƙƙin shiga domin hutawa, ko wasa, ko motsa jiki, ko zama da iyali. Ya bambanta da lambun otal ko wurin wasan da wani ɗan kasuwa ya gina, domin waɗannan mai su yana iya rufewa ko ya hana wanda ya ga dama. Ya kuma bambanta da furannin da ake shukawa a shataletale, waɗanda ido kawai ke morewa. Hekta, wadda ake auna girman irin waɗannan wurare da ita, murabba'in mita 10,000 ce, kusan filin ƙwallo ɗaya da rabi.

Akwai kuma abin da za a kira korar talaka da tsada. Shi ne yanayin da gyaran unguwa ke jawo hauhawar kuɗin haya da farashin gidaje, har mazauna na asali su tashi ba tare da wani ya ce musu su tashi ba.

Asalin al'amarin

Gina wurin shaƙatawa da kuɗin gwamnati domin talaka da mai kuɗi ya samo ƙarfi ne a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika biranen Turai da hayaƙi da cunkoso. An buɗe lambun Birkenhead a Ingila a 1847, kuma shi ya burge Frederick Law Olmsted, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka zana Central Park na birnin New York a 1858. Tun a lokacin aka ga matsalar da har yau ake fama da ita. Filin da aka kira fanko akwai mutane a kansa, ciki har da ƙauyen Seneca, inda baƙaƙen fata da dama suka mallaki gidaje da majami'u, kuma an tashe su a 1857.

Zamani na biyu ya zo ne bayan masana'antu da jiragen ƙasa sun ja baya a Turai da Amurka. Birane sun wayi gari da manyan kangaye a tsakiyarsu, ga kuma filin gini ya yi tsada, ba inda za a sami sabon wuri. Sai hankali ya koma kan abin da aka yasar. A birnin Paris an mayar da tsohuwar gadar jirgin ƙasa lambu mai tsawo a farkon shekarun 1990. A Duisburg ta Jamus an bar murhunan narka ƙarfe a tsaye, aka shuka itatuwa a kewayensu. A yau batun ya shiga cikin muradun raya ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe suka amince a 2015 cewa kafin 2030 kowa zai sami filin jama'a mai tsaro da tsirrai, musamman mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Me ya sa filaye ke zama yasassu

Dalilan ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin dalilin shi ne rabin maganin. Wani filin sauyin tattalin arziki ne ya kashe shi, kamar masaƙar da ta rufe. Wani rigimar mallaka ce ta daskarar da shi, magada ko hukumomi biyu suna shari'a shekara da shekaru. Wani kuma mai shi ne ya ajiye shi da gangan yana jiran farashi ya tashi. Akwai wanda yanayinsa ne ya hana gini, kamar fadama ko gangare ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Akwai kuma rarar da manyan ayyuka ke bari, irin ta gefen titi da ƙasan gada, wadda ba ma'aikatar da ta ɗauke ta a matsayin tata.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, filin da takarda ta ce ba kowa a kansa da wuya a je a tarar ba kowa. Za a sami makanikai, ko 'yan bola jari, ko masu noman rani, ko samarin da suka kafa raga suna ƙwallo, ko mai shayi da teburinsa. Waɗannan ba su da takardar mallaka, amma a nan suke cin abinci. Yadda aka yi da su ne ke fara nuna ko aikin na jama'a ne.

Misalin Alƙahira

Lambun Azhar da ke Alƙahira ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya haɗa kusan duk tambayoyin. Wurin tudun Darrasa ne, a gabashin tsohon birni, kusa da Masallacin Azhar. Kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini har ya zama tsauni. A 1984, a wajen wani taro kan bunƙasar birnin, Aga Khan na huɗu ya sanar cewa zai gina wa Alƙahira lambu kyauta, kasancewar kakanninsa Faɗimawa ne suka kafa birnin a shekarar 969. Daga wannan alkawari zuwa buɗewa a hukumance a 2005 an ɗauki shekara ashirin da ɗaya.

Jinkirin yana da dalilai. An riga an tsara gina manyan tankunan ruwan sha guda uku a wurin, don haka sai da aka gama su, sannan aka binne su aka zana lambun a kansu. An kwashe ƙasa da shara cikin dubban manyan motoci. Ƙasar da ta rage tana da gishiri sosai, sai da aka yi shekaru ana gwada irin tsirran da za su jure, aka kafa wuraren renon itatuwa, aka kawo sabuwar ƙasa, aka shimfiɗa magudanai a ƙasa. Ana cikin haƙa aka tono ganuwar Ayyubawa ta zamanin Salahuddin, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wadda shara ta binne. Lambun ya kai hekta 30, kuma ya ci kimanin dala miliyan 30.

Abin da ya bambanta aikin shi ne bai tsaya a katangar lambun ba. Unguwar Darb al-Ahmar da ke manne da shi tana cikin mafi talauci a birnin. Cibiyar Aga Khan ta gyara gidaje a can ba tare da ta tashi mazauna ba, ta ba da ƙananan basussuka, ta koya wa matasa gini da sassaƙar dutse da kafinta a kan aikin gyaran ganuwa, ta kuma farfaɗo da tsofaffin masallatai da makarantu irin su Umm al-Sultan Sha'aban da Khayrbak. Domin kula da lambun kuwa, aka sa kuɗin shiga, aka kuma buɗe gidajen abinci a ciki. Wannan ya sa lambun ya riƙe kansa, amma shi ne kuma babban abin sukarsa, domin magidanci mai iyali da yawa sai ya yi lissafi kafin ya je, duk da rangwamen da aka yi wa maƙwabta.

Wasu birane uku

A Seoul ta Koriya ta Kudu, rafin Cheonggyecheon ya shafe shekaru a binne ƙarƙashin kankare da babbar gadar sama. Magajin gari Lee Myung-bak ya rushe gadar a 2003, ya buɗe rafin a 2005 a tsawon kusan kilomita shida. Cunkoson motocin da aka ji tsoro bai auku yadda aka zata ba, saboda an gyara tsarin motocin bas a daidai lokacin. Sai dai ruwan da ke gudana a ciki turo shi ake yi da injina daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin tashoshin jirgi, abin da ke cin kuɗi kullum. Masu tebur da 'yan kasuwar da aka ɗauke daga wurin kuma da yawa ba su mayar da cinikinsu ba a inda aka kai su.

A New York, jirgin kaya na ƙarshe ya bi gadar High Line a 1980. An kusa rushe ta, sai wasu mazauna unguwar biyu, Joshua David da Robert Hammond, suka kafa ƙungiya a 1999 domin a cece ta. An buɗe kashin farko a 2009, kuma yanzu lambu ne mai tsawon fiye da kilomita biyu a saman titi, wanda miliyoyin baƙi ke ziyarta a shekara. Farashin gidajen da ke kusa ya yi tashin gwauron zabo, ƙananan shaguna da garejoji suka ɓace. A 2017 Hammond da kansa ya amince cewa masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidajen gwamnati na unguwar ba su amfana yadda ya kamata ba.

A Berlin an bi wata hanya dabam. An rufe filin jirgin saman Tempelhof a 2008, aka buɗe shi ga jama'a a 2010 kusan yadda yake, fili mai fiye da hekta 300, mutane na tuƙa keke a kan titin da jirage ke sauka a dā. Da gwamnatin birnin ta so gina gidaje a gefensa, sai mazauna suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 2014 suka hana. Har yanzu ana muhawara, domin Berlin na fama da ƙarancin gidaje. Wannan misali ya nuna abu biyu: ba dole sai an kashe maƙudan kuɗi ba, kuma zaɓi tsakanin lambu da muhalli zaɓi ne na gaske.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja ta farko ita ce zafi. Kwalta da kankare da kwanon rufi suna shan zafin rana su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni ta fi ƙauyukan kewaye zafi. Itace yana ba da inuwa, yana kuma fitar da laima ta ganyensa. Ta biyu ita ce ruwa. Ƙasar da ba a rufe ba tana tsotse ruwan sama, kuma fili mai kwari yana riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya sake shi, maimakon ya kwararo gaba ɗaya cikin kwalbati. Ta uku lafiya ce. Hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa a birane, likita kan ce a riƙa tafiya, amma tafiya na buƙatar wurin da mota ba za ta kaɗe mutum ba. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a ce kowane gida yana da irin wannan fili cikin tazarar mita 300. Ta huɗu ita ce tsaro da zamantakewa. Kangon da ba mai shiga shi ke zama maɓoyar ɓata-gari, wurin da mata da yara da dattawa ke kai-komo kuwa idon jama'a ne ke gadinsa.

Hujjojin masu suka

Masu suka suna farawa ne da fifiko. Suna tambaya ko daidai ne a shayar da ciyawa a garin da ake sayen ruwa a jarka. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana ga irin zanen da aka yi. Shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa irin ta Ingila ba ta dace da ƙasar da ke yin wata bakwai babu ruwan sama ba, alhali tsamiya da gawo da maɗaci da darbejiya, in sun kama, ba sa neman ban-ruwa.

Suna kuma nuna haɗarin gurɓatacciyar ƙasa. A Love Canal ta jihar New York an gina makaranta da gidaje a kai da kewayen ramin da aka binne dubban tan na sinadarai, sai da aka kwashe mazauna daga 1978. Tsohon juji kuma yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, yana kuma lotsawa, dalilin da ya sa jujin Fresh Kills na New York, wanda aka rufe a 2001, ake buɗe shi a matsayin lambu kashi-kashi har yau.

Sauran sukar ta shafi tashin masu sana'a ba diyya, da hauhawar haya, da kuma fargabar iyaye cewa wurin zai koma matattarar shaye-shaye. Wannan fargaba tana da tushe a inda aka ba da hayar filayen shaƙatawa ga masu mashaya da wuraren biki, kamar yadda mazauna Abuja suka daɗe suna kuka. Amma mafi yawan abin da ke kashe irin waɗannan wurare rashin kulawa ne. Gwamnati na son aikin da za a buɗe da biki, albashin mai shara da gyaran famfo da kwan fitila kuwa ba mai ɗaukar hotonsu. In ba a tanadi wannan kuɗi ba, cikin 'yan shekaru wurin ya koma kango, wannan karon da katanga.

Inda batun ya taɓa garuruwanmu

A Nijeriya, Legas ce ta fi nisa. Tsohon kurkukun Turawa da ke Broad Street ya zama Freedom Park a 2010, an kuma yi dokar kafa hukumar kula da lambuna a 2011, ko da yake share wurare irin su Oshodi ya zo da tashin dubban 'yan kasuwa. A Yamai an fara shuka itatuwan da suka yi wa birnin ɗamara tun 1965, amma gine-gine sun ci wani babban ɓangare nasu. A Nairobi kuwa, tsayin dakan Wangari Maathai a 1989 ne ya hana a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru. Darasin waɗannan biyun shi ne kare filin da ake da shi ya fi samar da sabo sauƙi.

A tsofaffin biranen ƙasar Hausa, yasasshen filin da ya fi yawa shi ne kududdufi. Ramuka ne da aka haƙa domin ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. Yau da yawansu sun zama juji, daga nan a cike su a yanka fulotai, ruwan da suke riƙewa kuma ya nemi hanya cikin gidaje. Kududdufin da aka yashe, aka hana zuba masa ƙazanta, aka kewaye da itatuwa da hanyar tafiya da shingen kare yara, zai yi aikin magudana da na wurin hutu a lokaci guda, matuƙar an kula da batun sauro. Haka gefen badala, da filayen hukumar jiragen ƙasa, da harabobin masana'antun da suka rufe a Kano da Kaduna. Tunanin ma ba baƙo ba ne, domin dandali da filin Idi da inuwar ƙofar fada duk filayen jama'a ne tun kafin zuwan Turawa.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke mallaka domin amfanin jama'a. Wannan iko yana sauƙaƙa ware fili, yana kuma sauƙaƙa wa gwamnan da ya biyo baya ya yanka shi. Saboda haka filin da ba a yi masa doka ta musamman da taswira a rubuce ba, ransa na hannun zaɓe mai zuwa.

Abin da za a auna kowane shiri da shi

Daga waɗannan misalai, mai sauraron sanarwar hukuma yana iya yin tambayoyi biyar. Na wa ne filin a takarda, kuma wace doka za ta hana a sayar da shi gobe? Su wa ke cin abinci a kansa yau, kuma an zauna da su kafin zane ko sai bayan an kawo katafila? An gwada ƙasar da ruwan? Daga ina kuɗin kulawa na shekara goma zai fito, kuma wace hukuma za a kama in famfo ya lalace? Sannan wa zai iya shiga: akwai kuɗin ƙofa, akwai bayan gida da wurin alwala da fitila, akwai sashen da mata da ƙananan yara za su sake, akwai hanyar keken guragu?

Shirin da ya amsa waɗannan, ko da fili ne na rabin hekta a tsakiyar unguwa, zai fi katafaren lambun da ke bayan gari amfani, domin wurin da yaro zai taka da ƙafa shi ake zuwa kullum. Shirin da ya kasa amsa su kuwa, jama'a na da dalilin yin shakka, kuma lokacin da ya dace su nemi amsa shi ne kafin a ba da kwangila.